Karen kiwo ko karen farauta: abin da ya kamata a duba kafin a zaɓa

A aikinmu na kula da lafiyar dabbobi, mutane sukan tambaye ni wane ya fi tsakanin karen kiwo da karen farauta, ni kuwa nakan mayar musu da tambaya: wane aiki kake so ya yi maka, kuma sa'o'i nawa za ka iya ba shi a kowace rana? Dalili shi ne, kowane jinsi an shafe shekaru aru-aru ana tace shi saboda aiki guda, kuma wannan halin yana cikin jininsa, horo yana iya saita shi amma ba ya kankare shi.

Asalin halayen biyu ɗaya ne, wato farautar da kakannin karnuka suke yi a daji: su hango dabba, su kafa mata ido, su yi sanɗa, su bi ta da gudu, su cafke, su kashe. Masu kiwo sun zaɓi karnukan da suke tsayawa a tsakiyar wannan jerin. Border Collie, wanda ya fito daga kan iyakar Ingila da Sukotland, yana sunkuyar da kai, ya zuba wa tumaki ido, ya kewaye su har su dunƙule wuri ɗaya, ba tare da ya yaga ko ɗaya ba. Karen shanun Ostireliya kuwa ɗan cizo yake kai wa saniya a agara don ta yi gaba. Irin waɗannan karnuka idonsu kullum yana kan ubangidansu suna jiran umarni, shi ya sa suke saurin koyo. Amma idan babu garke kuma babu aiki, sai su nemi abin korawa. Na ga wani da aka saya don kyansa kawai, yana kewaye yara uku masu wasa, duk wanda ya ware da gudu sai ya tare shi ya ɗan cije masa diddige. Mutanen gidan sun ɗauka mugunta ce, alhali kiwo yake yi. Abin ya dame ni, domin a ƙarshe sarƙa aka ɗaura masa, kuma kare mai irin wannan kuzarin idan ya daɗe a ɗaure, haushi da tone-tone da faɗa ne suke biyo baya.

Karnukan farauta ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu bi da ido, kamar Greyhound da yake kai gudun kusan kilomita 70 a sa'a, da Saluki, da Azawakh na yankin Sahel. Akwai masu bi da hanci, kamar Beagle, wanda idan ya kafa hanci a ƙasa ya kama ƙanshin zomo, sai ka yi ta kira kamar da dutse kake magana. Sannan akwai masu ɗauko abin da aka harbo, irin Labrador, waɗanda suka fi sauƙin zama da iyali. Mai kaji ko ƙananan dabbobi a gida ya yi tunani sosai kafin ya kawo mai bi da ido, domin duk abin da ya gilma da gudu abin kamawa ne a wurinsa, kuma dole a sami katanga mai tsayi.

Akwai kuskuren da nake yawan gani, wato a sayi karen kora garke alhali mai gadin garke ake bukata. Kangal na Turkiyya, alal misali, ba ya kora dabbobi, zama yake yi a cikinsu tun yana kwikwiyo har ya ɗauke su danginsa, ya tsare su daga namun daji. A Namibiya, tun daga 1994 ake raba wa makiyaya irin waɗannan karnuka don su tsare awaki da tumaki.

Ta fuskar lafiya ma akwai bambanci. Wasu karnukan dangin Collie suna gadon wata matsala da take sa maganin tsutsa mai suna ivermectin, idan an ba su da yawa, ya taɓa musu ƙwaƙwalwa har ya kashe su, saboda haka kada a tsiyaya wa kare maganin tsutsar shanu ba tare da likitan dabbobi ya sani ba. German Shepherd, wanda karen kiwo ne, da Labrador suna yawan gadon ciwon ƙugu, masu dogayen kunnuwa kamar Beagle kuma suna fama da ciwon kunne idan ba a share shi. Kada a ba kowane kare ɗanyen kayan cikin tunkiya, musamman hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa, domin daga nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta yake fita ta kashinsa ya kama mutane. Karen farauta kuwa a duba jikinsa saboda kaska duk lokacin da ya dawo daga daji.

Ko wanne aka zaɓa, a je a ga uwar kwikwiyon da yadda take karɓar baƙo, a bar shi da ita har ya kai mako 8, sannan a yi masa allurar rigakafin haukan kare idan ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.