Jelbirek: Yadda Ake Ɓalle Takunkumin Waya, da Abin da Ke Biyo Baya

Mene ne jelbirek?

Kamfanin Apple ya sa wa iPhone takunkumi tun fitowarta a 2007: ba ka sa manhaja sai wadda ya amince da ita, ba ka kuma taɓa cikin babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, wato iOS. Jelbirek shi ne ɓalle wannan takunkumi. Masu Android suna da makamancinsa, suna kiransa rutin. A 2008 wani Ba'amurke, Jay Freeman, ya buɗe Cydia, kasuwar manhajojin da Apple bai yarda da su ba, kuma nan ce ta zama matattarar masu wannan harka shekaru da dama.

Ta ina ake shiga, tunda kamfanin ya kulle ko'ina?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk jelbirek yana farawa ne da wata ɓaraka da masu rubuta manhajar suka bari ba da saninsu ba. A Agustan 2010 wani matashi da ake kira comex ya gano irin wannan ɓaraka a yadda wayar ke karanta takardun PDF. Ka buɗe shafin JailbreakMe, ka ja yatsa a kan gilashi sau ɗaya, shi ke nan an gama. Ba kebul, ba kwamfuta. Cikin kwanaki kaɗan Apple ya toshe ta.

Haka ake ta yi har yau, a gano, a toshe. A 2019 ma Apple da kansa ya yi kuskuren dawo da wata tsohuwar ɓaraka a iOS 12.4 bayan ya riga ya gyara ta, masu manhajar jelbirek ta unc0ver kuwa ba su yi wata-wata ba suka yi amfani da ita.

Akwai wadda ba ta toshuwa?

Akwai, kuma ita ce ta fi shafar mu. A Satumban 2019 wani mai bincike, axi0mX, ya fitar da checkm8. Wannan ɓarakar tana cikin ƙwaƙwalwar wayar ne, a umarnin farko da aka ƙera tare da ita tun daga masana'anta, don haka babu sabuntawar da za ta kai gare ta. Ta shafi tun daga iPhone 4S har iPhone X. Sai dai dole wayar ta kasance a hannun mutum, ya jona ta da kwamfuta, kuma da zarar an kashe an kunna sai an sake daga farko.

Waɗannan tsofaffin wayoyin su ne ake sayarwa na hannu a kasuwanninmu. Da irin wannan hanya wasu ke tsallake makullin iCloud, wato kullen da ke ɗaure waya da asusun Apple na mai ita, a wayar da mai ita bai cire asusunsa ba, su miƙa maka ita tana walƙiya kamar ba komai. Ranar da ka goge ta, makullin ya dawo, kuɗinka sun tafi. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ka sa layinka, ka ga ta tashi lafiya.

To ina illar, in wayata ce?

Abin da ya fi damuna ke nan. Ƙofar da ka bi ka 'yanta wayarka, ita ɓarawo ke bi. A 2016 an turo wa Ahmed Mansoor, mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, saƙo mai ɗauke da wani adireshi. Bai danna ba, ya tura wa masu bincike na Citizen Lab a Kanada. Suka gano ɓaraka 3 da aka haɗa don yi wa wayarsa jelbirek daga nesa a dasa Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila. Kafin nan, a 2015, muguwar manhajar KeyRaider ta sace asusun Apple sama da 225,000, duk daga wayoyin da aka ɓalle wa takunkumi.

Ga kuma matsalar yau da kullum: don ka riƙe jelbirek dole ka ƙi sabunta waya, ma'ana ka zauna da ɓarakar da duniya ta riga ta sani. Manhajojin banki da yawa kuma ba sa buɗewa a irin wannan waya.

Laifi ne a doka?

A Amurka an halatta shi ga wayoyi tun 2010. Amma Apple na iya ƙin gyara maka wayar ƙarƙashin garanti, kuma halaccin bai shafi satar manhajar kuɗi ko buɗe wayar sata ba.

Me ya sa aka daina jin ɗuriyarsa kamar da?

Apple ya ƙara ƙarfin tsaro, ya kuma shigo da yawancin abin da ake nema a da, kamar ɗaukar bidiyon abin da ke gudana a kan gilashin waya. Sannan ɓaraka ta zama haja mai tsada. A 2015 kamfanin Zerodium, mai sayen irin waɗannan ɓaraka, ya biya dala miliyan 1 kan jelbirek ɗin iOS 9 da ake yi daga nesa, a 2019 shi ma Apple ya kai tukwicin da yake ba wanda ya gano masa ɓaraka wannan adadi. Wanda ya gano sabuwar ɓaraka yau yana da masu saye a layi, da wuya ya sake ta kyauta a intanet.