Kalandar Wata a Allon Mamari

Allon Mamari ɗaya ne daga cikin allunan katako masu ɗauke da rongorongo, tsohon rubutun mutanen Rapa Nui, wato tsibirin Ista da ke Tekun Fasifik, wanda ƙasar Chile ta karɓi mulkinsa a 1888. Har yau babu wanda ya iya karanta wannan rubutu. Abin da ya fito da Mamari daban shi ne wasu layuka ƙalilan da yawancin masana suka amince lissafin kwanan wata ne.

Yadda ilimin ya ɓace

A 1864 ne wani ɗan mishan Bafaranshe, Eugène Eyraud, ya fara ba da labarin allunan. Ya makara. A 1862 da 1863 masu farautar bayi daga Peru sun kwashe mutum kimanin 1,500, sannan agana ta biyo baya, har yawan jama'a ya ragu zuwa 111 a 1877. Masu karatun sun tafi da iliminsu. Abubuwa masu rubutun da suka rage ba su kai 30 ba, suna warwatse a ƙasashe. Mamari yana birnin Rum, a hannun wata ƙungiyar mishan ta Katolika, kuma alamominsa sun kai wajen 1,000.

Da tsinin dutsen aman wuta da haƙorin kifin shak aka sassaƙa alamomin. Ana fara karatu daga ƙasa ta hannun hagu, in layi ya ƙare sai a juya allon kansa ya koma ƙasa, domin kowane layi a kife yake da maƙwabcinsa.

Layukan kalanda

Thomas Barthel, Bajamushen da ya wallafa jerin alamomin a 1958, shi ya fara lura da layukan kalandar. Daga ƙarshen layi na 6 zuwa farkon na 9 a fuska ɗaya ta allon, siffar jinjirin wata tana ta maimaituwa kusan sau 30, a rukuni-rukuni. A tsakiya akwai wata alama mai siffar ƙwai da ɗan mutum zaune a ciki. Wannan cikakken wata ne. Mutanen tsibirin suna cewa duhun da ake gani a fuskar wata tsohuwa ce ke hura wutar murhun ƙasa.

A 1990 masanin harsuna Jacques Guy ya gwada layukan da sunayen darare da William Thomson, jami'in jirgin ruwan Amurka Mohican, ya rubuta daga bakin mutanen tsibirin a 1886. Su da dare suke ƙirga wata, kowane dare da sunansa. Akwai darare shida a jere masu suna kokore kafin wata ya cika, da wasu biyar bayan cikarsa, kuma rukunin jinjirin watan da ke allon ya zo daidai da wannan tsari.

Hujja mafi ɗaukar hankali kifi ne. Tsakanin rukunan akwai wani gungun alamomi da ya maimaitu sau takwas, kowanne da ɗan kifi rataye. Kafin alamar cikakken wata kan kifin yana sama, bayanta kuwa ya juya ƙasa. Wata na girma, wata na raguwa. Da wuya a ce haɗuwa ce kawai.

Zagayen wata kwana 29 da rabi ne da 'yan mintoci, shi ya sa wata kan yi 29 ko ya cika 30, kamar yadda duk mai jiran ganin watan Sallah ya sani. A fassarar Guy, darare 28 tsayayyu ne, sai biyu, Hotu da Hiro, da ake sakawa in buƙata ta kama. Ya ƙara da cewa gungun nan mai kifi umarni ne a duba girman wata a sama kafin a yanke hukunci. Wannan ƙarin bai samu karɓuwa kamar na farkon ba.

Batun rana

Nan magana ta yi ƙaranci. Watanni 12 sun gaza shekarar rana da kwana 11, don haka al'ummar da ke shuka da kamun kifi bisa yanayi dole ta sami abin daidaitawa. A Folinesiya, yankin tsibiran Fasifik da Rapa Nui ke ciki, taurarin Matariki, waɗanda Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta, su ne sananniyar alamar sabuwar shekara. A tsibirin kuma gunkin dutse na Huri a Urenga yana fuskantar mafitar rana a mafi gajartar yini na shekara, a watan Yuni. Amma wannan shaida ta gini ce da al'ada. Mutane da dama sun nuna wata alama mai tsinaye sun ce rana ce, sai dai babu wani layi da masana suka haɗu a kan cewa lissafin rana ne, domin siffa ɗaya kan iya zama rana, tauraro ko wuta.

Ko kalandar watan ma aikinta aka gane, ba lafazinta ba. Ba a san yadda mai allon yake furta ko da alama ɗaya daga ciki ba, kuma layukan ba su kai huɗu ba cikin 28 da ke allon.