Jarrabawar NCLEX-PN

NCLEX-PN jarrabawa ce da ake yi a Amurka domin bai wa ƙananan ma'aikatan jinya lasisin aiki, wato waɗanda suka yi kwas na kimanin shekara guda, suke kuma aiki a ƙarƙashin babban nas ko likita. Hukumar NCSBN da ke birnin Shikago, wato haɗakar hukumomin kula da aikin jinya na jihohin Amurka, ce ke tsara ta, kamfanin Pearson VUE kuma ke gudanar da ita a cibiyoyinsa.

Tun 1994 a kwamfuta ake yin ta. Idan ɗalibi ya amsa daidai, tambaya ta gaba sai ta ƙara tsauri, in ya kuskure sai ta sassauto, kuma ba a komawa kan wadda aka wuce. Tambayoyin suna kamawa daga 85 zuwa 150 cikin awa biyar, 15 daga ciki na gwaji ne marasa maki. Kwamfutar na tsayawa da zarar ta tabbatar, da kashi 95 cikin ɗari, cewa mutum ya haye ko ya gaza, don haka yankewa a tambaya ta 85 ba ta nuna ko wanne. Wanda ya faɗi sai ya jira aƙalla kwana 45 kafin ya sake zama.

Daga 1 ga Afrilu 2023 aka shigo da sabon salo mai auna yanke shawara a bakin gadon majinyaci. Ana kawo labarin marasa lafiya uku, kowanne da tambayoyi shida a jere: gano alamomi, fassara su, ware abin da ya fi gaggawa, fito da mafita, aiwatarwa, sannan duba sakamako. A nan haddar littafi kaɗai ba ta isa.

Tambayar da ta fi kada ɗalibai ita ce: wa za a fara dubawa? Ƙa'idar ita ce hanyar iska, sai numfashi, sai zagayawar jini. Wanda aka yi wa tiyatar maƙogwaro, numfashinsa ya fara fita da ƙara, yana gaban mai kukan ciwon ƙafa, komai ƙarfin kukan. Sabon canji kuma ya fi tsohon ciwo gaggawa.

Akwai alƙaluman da dole su zauna a ka. Kafin a ba babba digoksin, wani maganin ciwon zuciya, ana ƙirga bugun zuciya da abin sauraro na minti guda cur. In bai kai 60 ba, a riƙe maganin a sanar. Sukarin jini ƙasa da 70 ga wanda yake cikin hayyacinsa, a ba shi giram 15 na sukari, a sake aunawa bayan minti 15. Fitsarin da bai kai mililita 30 a awa ba abin kai rahoto ne. A lissafin magani, idan likita ya rubuta miligiram 250, kwalba kuma na ɗauke da 125 a kowace mililita 5, mililita 10 za a bayar. Nauyin yaro sau da yawa da fam ake kawo shi, sai an raba da 2.2 ya koma kilo; mance wannan na ninka maganin fiye da sau biyu.

Sai batun hurumi. Ƙaramin nas yana tattara bayanai, yana ba da magani, yana jaddada wa majinyaci abin da aka riga aka koya masa. Binciken farko, tsara shirin jinya da koyarwar farko na babban nas ne, kuma amsar da ta ɗora wa ƙarami waɗannan, ko da ta yi kama da hikima, kuskure ce a wurin masu maki.