Shin ƙwayar sinadari guda tana ɗaukar lantarki kamar waya?

An daɗe ana cewa in aka ƙanƙanta na'urar lantarki har ta kai girman ƙwayar sinadari guda, aikinta bai canja ba, girma ne kawai ya ragu. Ba laifi mutum ya ɗauka haka, don abin da aka saba gani ke nan a wayar tagulla: in ka ninka tsawonta, turjiyarta ga lantarki ta ninku.

Amma a girman nanomita, wato kashi 1 cikin biliyan na mita, lissafin daban ne. Ilektron, wato ɗan ƙanƙanin abin da ke ɗauke da lantarki, yakan ratsa giɓin da a ka'idar waya bai kamata ya wuce ba. Tsakanin ƙarafa biyu inda babu iska, ƙarin tazarar nanomita 0.1 kacal yakan rage lantarkin kusan sau 10. Wannan ya sa masu bincike ke sarrafa lantarkin ta tsawon ƙwayar sinadarin, da yadda ƙarshenta ya kama zinaren da ke kai mata lantarki (galibi da farar wuta), ko da hasken da ke sauya mata siffa.

Mai son tabbatarwa ya karanta yadda na'urar hangen atam mai allura ke aiki, domin da wannan ratsa giɓin take aiki. In kuma aka kawo sakamako, a duba ko an maimaita awon sau dubbai, domin kowane haɗin ƙwaya da zinare da ɗan bambancinsa.

Don Allah a tura wa wasu su ma su karanta.