Malamai da Ma'aikatan Shirin Horar da Mataimakan Likita a Amurka

Mataimakin likita, wanda Amurkawa ke kira PA a taƙaice, ma'aikacin lafiya ne mai lasisi da ke duba marar lafiya, ya gano abin da ke damunsa, ya tura shi gwaji, ya rubuta masa magani, ya kuma taimaka a ɗakin tiyata, duk tare da haɗin gwiwar likita. Horonsa yakan ɗauki kimanin wata 27, ya fita da digiri na biyu. A yau akwai shirye-shiryen horo fiye da 300 da hukuma ta amince da su a Amurka. Kowannensu yana tsaye ne a kan 'yan malamai kaɗan na dindindin da ke cikin jami'a, da ɗimbin likitoci da mataimakan likita da ke karɓar ɗalibai a asibitocinsu, da ma'aikatan ofis masu haɗa ɓangarorin biyu. Yawan waɗannan mutane da ƙwarewarsu shi ke yanke adadin ɗaliban da shiri zai iya ɗauka, fiye da girman gini ko yawan masu neman shiga.

Malaman farko

Sana'ar ta fara ne a Jami'ar Duke da ke garin Durham a jihar Karolina ta Arewa, a 1965, a hannun Dakta Eugene Stead, shugaban sashen likitanci na jami'ar. Tun kafin nan Stead ya gwada wata hanya. A ƙarshen shekarun 1950 shi da wata malamar jinya, Thelma Ingles, sun tsara digiri na biyu da zai koya wa nas-nas aikin duba marasa lafiya mai zurfi, amma ƙungiyar da ke tantance makarantun jinya ta ƙi amincewa da shi, shirin ya mutu. Akwai kuma abin da Stead ya daɗe yana gani da idonsa. A ƙauyen Garland, wani likita mai suna Amos Johnson ya koya wa wani baƙar fata, Henry Treadwell, aikin asibiti a hankali cikin shekaru masu yawa, har ya kai idan likitan ya yi tafiya shi ke riƙe wurin, shi ke rako marasa lafiya zuwa Duke. Treadwell bai taɓa zama a ajin likitanci ba. Abin da ya sani duka a gefen maigidansa ya koya, kuma wannan salon koyo a bakin aiki shi ne har gobe ƙashin bayan sana'ar.

Ɗaliban farko su huɗu ne, dukansu tsofaffin ma'aikatan jinya na rundunar sojan ruwa. Uku daga cikinsu, Kenneth Ferrell da Victor Germino da Richard Scheele, suka kammala a ranar 6 ga Oktoba, 1967, ranar da ta dace da zagayowar haihuwar Stead, shi ya sa ake bikin ranar mataimakan likita a wannan rana kowace shekara. A lokacin babu wani mataimakin likita a ƙasar da zai koyar da su, don haka likitocin Duke ne suka raba darussan a tsakaninsu. Mai kula da karatun yau da gobe kuwa nas ce, Kathleen Andreoli, wadda daga baya ta zama shugabar kwalejin jinya ta Jami'ar Rush a Chicago. Bayan Stead ya sauka daga shugabancin sashensa a 1967, shirin ya koma ƙarƙashin Dakta Harvey Estes, aka kuma ɗora Dakta Robert Howard a kan jagorancinsa. A zamaninsu ne Joyce Nichols ta kammala a 1970, mace ta farko da ta fita daga shirin.

Sauran shirye-shiryen farko ma likitoci ne suka kafa su. Dakta Hu Myers ya buɗe nasa a kwalejin Alderson-Broaddus ta jihar Bajiniya ta Yamma a 1968, Dakta Henry Silver ya buɗe na lafiyar yara a Jami'ar Kolorado, Dakta Richard Smith kuma ya kafa shirin MEDEX a Seattle a 1969. Tsarin Smith ya fi kowanne jingina da likitan karkara: bayan 'yan watanni a aji, sai a miƙa ɗalibi ga likitan da zai ƙarasa horar da shi, wanda sau da yawa shi ne zai ɗauke shi aiki. A 1972 shirye-shiryen suka kafa ƙungiyarsu, wadda ta koma PAEA a 2005. Da tafiya ta yi nisa, ragamar koyarwa ta fita daga hannun likitoci ta koma hannun mataimakan likita da kansu.

Abin da hukumar tantancewa ta shimfiɗa

Hukumar ARC-PA, wadda ta zama mai cin gashin kanta a 2001, ita ke tantance shirye-shiryen, kuma wanda bai fito daga shirin da ta amince da shi ba ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba. Bugu na 5 na ƙa'idojinta, da ya yi aiki daga 2020 zuwa 2025, ya ce dole kowane shiri ya kasance da darakta, da daraktan harkokin likitanci, da aƙalla gurbi 3 na cikakkun malamai ban da daraktan, 2 daga ciki mataimakan likita masu shaidar NCCPA, hukumar da ke ba mataimakan likita shaidar ƙwarewa ta ƙasa, da kuma aƙalla cikakken gurbi 1 na ma'aikacin ofis. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Shirin da ke ɗaukar ɗalibai 80 ko 90 a shekara, irin na Duke a yanzu, yana buƙatar malamai ninkin wannan sau da yawa.

Darakta dole ya zama mataimakin likita ne, mai aƙalla shekara 3 yana aiki a manyan makarantu, kuma ya ba shirin mafi yawan lokacinsa duk tsawon shekara. Kasafin kuɗi, ɗaukar malamai, tsara manhaja da rubuta rahoton binciken kai da ake miƙa wa hukuma, duk a wuyansa suke. Daraktan harkokin likitanci kuwa likita ne mai lasisi da shaidar ƙwarewa a fanninsa. Galibi ba kullum yake wurin ba, yana da asibitinsa. Aikinsa shi ne ya tabbatar abin da ake koyarwa ya dace da yadda ake aikin likita a wannan lokaci, ya kuma yi wa shirin magana a gaban 'yan uwansa likitoci, waɗanda a hannunsu guraben horon asibiti suke.

Malaman aji

Shekarar farko ta aji ce. Ana koyar da ilimin ƙirar jiki, a wasu makarantun har da nazarin gawa, da yadda sassan jiki ke aiki, da ilimin magunguna, da cututtuka gaɓa bayan gaɓa, da dabarun tambayar marar lafiya da duba shi. Cikakkun malamai ba sa iya ɗaukar wannan duka su kaɗai, sai su gayyato masanin harhaɗa magunguna ya ɗauki darasinsa, likitan zuciya ya zo ya koyar da karatun hoton bugun zuciya, likitan fata ya zo da hotunansa. Malamin dindindin shi ke ɗinke waɗannan darussa su zama manhaja ɗaya, shi ke rubuta jarrabawa, shi ke zama mai ba da shawara ga wasu ɗalibai da aka damƙa masa tun daga shiga har fita.

Darasin duba jiki ya fi kowanne cin lokacin malami, domin ba a koyar da shi daga allo. Ɗalibai sukan zauna bibbiyu a kan gadajen gwaji, wannan ya duba wancan. Malami yana zagayawa, ya kama hannun ɗalibi ya gyara masa inda zai ɗora yatsu a ƙarƙashin haƙarƙari don ya ji hanta, ya karkata masa madubin leƙa kunne, ya sa shi ya maimaita ɗinki a kan fatar roba har kullin ya zauna. Daga nan sai a kawo marasa lafiyar kwaikwayo, wato mutanen da aka horar su nuna alamun wata cuta kamar da gaske. Dakta Howard Barrows ne ya fara amfani da su a 1963 a Kalifoniya. Ɗalibi zai shiga ɗaki ya tarar da dattijo yana dafe da ƙirji, a ba shi 'yan mintoci ya yi tambayoyinsa ya duba shi, malami yana kallo ta kyamara riƙe da takardar maki. Bayan an gama, shi kansa mai kwaikwayon yakan faɗa wa ɗalibin ko ya saurare shi da kyau, ko kuwa katse shi ya riƙa yi.

Yawancin waɗannan malamai daga asibiti suka fito, ba su karanci aikin koyarwa ba, shi ya sa PAEA take shirya wa sababbin shiga bita. Da yawa suna ajiye rana ɗaya a mako su koma duba marasa lafiya, kuma suna ci gaba da riƙe shaidarsu ta NCCPA, wadda ke neman awa 100 ta ƙarin ilimi duk shekara 2. Wannan al'ada ce mai kyau ƙwarai, domin malamin da ya duba mai ciwon sukari jiya da yamma ba zai koyar da darasin kamar wanda ya rabu da asibiti shekara goma ba.

Malaman asibiti

A shekara ta biyu ɗalibi yakan shafe kimanin awa 2,000 yana zagaya asibitoci, yawanci mako 4 zuwa 6 a kowane wuri. Dole ya ratsa ɓangaren likitan iyali, da na cututtukan manya, da tiyata, da agajin gaggawa, da yara, da lafiyar mata har da awon ciki, da lafiyar ƙwaƙwalwa. A kowane wuri akwai likita ko mataimakin likita ko wani ma'aikacin lafiya mai lasisi da ya ɗauki nauyinsa. Ɗalibi shi ke fara shiga wurin marar lafiya, ya fito ya zayyana wa malamin abin da ya ji da abin da ya gani da abin da yake zato, sannan su koma tare. Malamin ne ke da maganar ƙarshe, shi ne kuma ke sa hannu.

Waɗannan su ne mafi yawan masu koyarwa a kowane shiri, su ne kuma mafi wuyar samu. Shekaru da yawa a kyauta suke yi, don ramawa ga sana'ar da ta rene su. Amma ɗalibi yana rage wa likita sauri, ga shi asibitoci suna ƙidayar yawan waɗanda aka duba a rana, ga kuma ɗaliban likitanci da na manyan nas-nas suna neman guraben nan guda. Shi ya sa shirye-shirye da dama suka fara biyan kuɗi kafin su sami wuri, nauyin kuma yakan ƙare a kan kuɗin makarantar ɗalibi. Ƙa'idar hukuma ta hana a tilasta wa ɗalibi ya nemo wa kansa asibiti ko malami. Wannan aikin daraktan horon asibiti ne, wanda ke yawon ziyartar wuraren, yana duba ko ɗalibi yana samun marasa lafiya irin waɗanda ya kamata ya gani, ko kuwa an mayar da shi ɗan kallo. Hukumar ta kuma hana a yi amfani da ɗalibi a madadin ma'aikaci, ta hana malaman shirin zama likitocin ɗalibansu sai dai in gaggawa ta taso.

Ma'aikatan ofis

Ba a cika ambatonsu ba, amma ba ɗalibin da zai taka asibiti sai takardunsa sun bi ta hannunsu. Mai tsara horon asibiti shi ke riƙe da jadawalin kowane ɗalibi wata bayan wata, da yarjejeniyar da aka rattaba wa hannu da kowane asibiti, da shaidar rigakafi, da gwajin tarin fuka, da binciken ko ɗalibi yana da tarihin laifi, da inshora. In wani likita ya janye mako ɗaya kafin ɗalibi ya iso, shi ke kwana a kan waya yana neman madadi. Jami'in ɗaukar ɗalibai yana tace dubban takardun da ke shigowa ta CASPA, dandalin neman gurbi na bai ɗaya da aka buɗe a 2001, ya shirya ranakun ganawa. Akwai kuma mai tattara alƙaluman jarrabawa. Kowane shiri dole ya yi wa ɗalibi gwajin ƙarshe cikin wata 4 kafin ya fita, ya kuma buga a shafinsa na intanet yadda ɗalibansa suka yi a jarrabawar ƙasa ta PANCE mai tambayoyi 300.

Ƙarancin malamai

Shirye-shirye sun yi ta ƙaruwa cikin sauri tun daga shekarun 1990, kowane sabo kuma yana neman darakta gogagge da malamai masu shaida daga rijiya ɗaya. Mataimakin likita da ke aiki a tiyata ko agajin gaggawa yakan sami albashin da ya fi na koyarwa, saboda haka mai barin asibiti ya shiga aji yakan yi asarar wani abu, wasu kuma bayan 'yan shekaru sukan koma. Wani nauyin shi ne jami'o'i suna auna ƙarin girma da digirin digirgir da bincike, alhali digirin sana'ar na biyu ne. Wannan ya sa malamai da yawa suka koma karatu suna kan aiki.

A Gana da Najeriya

Gana tana da irin wannan sana'a tun da daɗewa. Makarantar horar da ma'aikatan lafiyar karkara ta Kintampo, da aka kafa a 1969, ta fara ne da ɗaukar gogaggun nas-nas tana ƙara musu horo su riƙe cibiyoyin lafiya inda babu likita. Yanzu jami'o'i da dama suna ba da digirin farko a fannin, kuma tun dokar 2013 majalisar likitoci da likitocin haƙori ce ke yi musu rajista. A Najeriya mafi kusa da wannan matsayi shi ne jami'in lafiyar al'umma, wato CHO, wanda ake horarwa a asibitocin koyarwa, sai dai tsarin karatunsa da hukumar da ke kula da shi da iyakar aikinsa duk daban suke da na mataimakin likita na Amurka.