Abubakar Rimi, Limamin Canji: Tambayoyi da Amsoshi

Yaushe Rimi ya mulki Kano?

Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan asalin ƙasar Sumaila, ya hau kujerar gwamna a watan Oktoban 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, bai kai shekara 40 da haihuwa ba. Kanon lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yau.

Me ya sa talakawa ba su manta da shi ba?

Saboda haraji da jangali. Duk wanda ya riski zamanin ya san yadda magidanci kan bar gari idan lokacin haraji ya yi ba shi da abin biya, da yadda Bafulatani kan kora shanunsa daji da dare don kada a ƙirga su. Tun zamanin NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, ake yaƙi da wannan. Rimi na hawa ya soke su duka biyun. A ganina, ko da wannan kaɗai ya yi, ya isa a tuna da shi. Ga kuma hukumar yaƙi da jahilci, da jaridar Triumph, da gidan talabijin na CTV wanda yanzu ake kira da sunansa, da hutun ranar ma'aikata da ya fara bayarwa a 1980.

To me ya raba shi da Malam Aminu Kano?

Saɓani ne kan hulɗa da jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya a lokacin, da kuma haɗin gwiwar Rimi da gwamnonin wasu jam'iyyu. PRP ta dare gida biyu: 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da Rimi da Balarabe Musa na Kaduna.

Rikicinsa da masarauta fa?

A Yulin 1981 gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Gari ya yamutse, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba Rimi shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad.

Yaya mulkinsa ya ƙare?

A 1983 ya koma jam'iyyar NPP, ya kuma ajiye kujerar da PRP ta ba shi, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi a zaɓen gwamna na shekarar. Daga baya ya yi ministan sadarwa a gwamnatin Abacha, yana kuma cikin waɗanda suka kafa PDP a 1998. Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilun 2010.