Jadawalin sau da yadda ake koya wa yara shi

Jadawalin sau, ko jadawalin ninkawa, jeri ne na sakamakon ninka ƙananan lambobi da juna, yawanci daga 1 zuwa 10 ko zuwa 12. Kowace lamba tana da gidanta: gidan 3, alal misali, shi ne 3, 6, 9, 12 har zuwa 36. Ana koyar da shi a azuzuwan farko na firamare, kuma shi ne aka saba bugawa a bangon baya na littafin rubutun 'yan makaranta a Nijeriya. Rabawa, ninka manyan lambobi da lissafin rabi, sulusi da rubu'i duk a kansa suka dogara, saboda haka yaron da ya wuce shi bai riƙe ba, matsalar takan bi shi har sakandare.

Asali

Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun rubuta irin wannan jadawali a kan allunan yumɓu kimanin shekara 4,000 da suka wuce, sai dai ƙidayarsu a kan 60 ta ginu, ba a kan 10 ba. Mafi daɗewar jadawalin da aka sani mai bin ƙidayar goma-goma daga ƙasar Sin ya fito, a rubuce kan tsage-tsagen gora 21 na wajen shekara ta 305 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waɗanda ke ajiye a Jami'ar Tsinghua. Har yau yaran Sin da Japan suna haddace nasu a waƙe, kuma a 9 sau 9 yake tsayawa.

Kaiwa 12 da ake yi a Nijeriya gadon Ingila ne. A tsohon kuɗi kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga dozin, ga inci 12 a ƙafa ɗaya. Nijeriya ta koma naira da kwabo a 1973, amma gidan 12 ya ci gaba da zama a bayan littafi. Makarantun da ke bin tsarin Faransa, irin na Nijar, a 10 suke tsayawa. Ita Ingilar ba ta saki ba: tun 2022 ya zama dole 'yan aji huɗu, masu shekara 8 zuwa 9, su zauna wani gwaji a kwamfuta mai tambaya 25, kowace da daƙiƙa 6 na amsawa.

Ma'ana kafin hadda

Masana koyar da lissafi sun fi karkata ga a fara da abin da yaro zai taɓa da hannu, sannan zane, sannan lambobi tsura. Wannan jeri ya samo tushe daga aikin masanin Amurka Jerome Bruner a shekarun 1960, kuma makarantun Singafo sun shahara da shi. Ba ya buƙatar sayen komai. Murafen kwalba, ƙwallayen dabino ko tsakuwa sun isa. A ce wa yaro ya kasa kashi 4, kowane kashi da tsakuwa 3, ya ƙirga, ya ga 12. Abin da "3 sau 4" ke nufi ke nan, kuma yaron da ya taɓa kasa tumatir ko gyaɗa ya riga ya san shi tun kafin a sa masa suna.

Mataki na gaba shi ne jerawa sahu-sahu. Kiret ɗin ƙwai yana da sahu 5, kowanne da rami 6. Idan aka juya shi gefe sai ya koma sahu 6 masu rami 5, ƙwan kuwa 30 ne dai. A nan yaro ke gane cewa 5 sau 6 da 6 sau 5 abu ɗaya ne, kuma gane wannan ya fi haddace gida guda amfani.

Girman aikin

Jadawali mai kaiwa 12 yana da amsoshi 144, adadin da kan karya wa yaro gwiwa tun bai fara ba. Amma da yake kusan kowace tambaya tana da tagwayenta, na ainihi 78 ne. In aka cire gidajen 1, 2, 5 da 10, waɗanda ba sa wuya, sai su koma 36. In aka ƙara cire gidan 11, saura 28. A jadawali mai tsayawa a 10, abin da ke saura 21 ne kacal. Yana da kyau a nuna wa yaro wannan ƙiri-ƙiri, a zana jadawalin a allo ana soke abin da ya riga ya iya.

Shi ya sa bin gidaje a jere, 2, 3, 4 har 12, ba shi ne mafi sauƙi ba. Tsarin da malamai da yawa ke bi shi ne a fara da 2, 10 da 5. Daga nan sai 4, wanda ninkin gidan 2 ne, da 8, ninkin gidan 4. Sai 3 da 6 da 9. Ana barin 7 a ƙarshe, lokacin da kusan duk amsoshinsa sun riga sun fito a wasu gidajen, sai 7 sau 7 da 7 sau 12 kawai suka rage sababbi in an yi gidan 11.

Gidan 9 ya fi kowanne dabaru. Daga 9 zuwa 90, alƙaluman kowace amsa in an tara su 9 suke bayarwa: 18, 27, 36, 45. Akwai kuma dabarar yatsu: a buɗe yatsu goma, don 9 sau 4 a lanƙwasa na huɗu daga hagu, yatsu 3 na hagu da 6 na dama su ba da 36. Wadda ta fi su ita ce a ninka da 10 a ɗebe, kuma ƙidayar Hausa ta riga ta share mata hanya, tunda ana kiran 18 "ashirin ba biyu". Haka 9 sau 7 zai zama saba'in ba bakwai, wato 63.

Masu taurin kai su ne na tsakiya, irin su 6 sau 7, 6 sau 8 da 7 sau 8. Maganinsu farfasawa: 7 sau 8 shi ne 5 sau 8 a haɗa da 2 sau 8, wato 40 da 16, 56 ke nan. Yaron da ya iya wannan, ko ya manta yana da hanyar dawowa.

Rerawa da tilawa

Rera jadawali da baki ɗaya a aji tsohuwar al'ada ce, kuma tana da amfani, musamman ga yaran da makarantar allo ta saba musu da hadda. Illarta sananniya ce: a tambayi yaro 6 sau 7, sai ya koma can farko yana gunguni daga 6 sau 1 har ya iso. Waƙar ya riƙe, ba amsar ba. Abin ya fi muni idan da Turanci ake rerawa alhali bai fara jin harshen ba.

Gyaran shi ne a riƙa tambaya a warwatse, gaba da baya, har da ta juyi, kamar "nawa sau 6 ne 42?", wadda ita ce ƙofar rabawa. Tilawar minti biyar kullum ta fi zaman awa guda a ƙarshen mako. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa bitar da aka rarraba kan kwanaki ta fi zama a ƙwaƙwalwa. Ciniki ma fagen tilawa ne: a Nijar, inda dala take tamma 5, wato sefa 5, duk mai karanta farashi a rubuce ya faɗe shi da dala gidan 5 yake yi bai sani ba.

Gwajin sauri yana da wurinsa, amma bayan yaro ya fahimta. In aka fara da shi, ko aka haɗa shi da bulala, tsoro kan toshe wa yaro abin da ya sani. Akwai kuma wasu 'yan yara masu lalurar fahimtar lambobi, wadda ake kira diskalkuliya, da ba ta da alaƙa da ƙarancin basira ko lalaci. Irin waɗannan ana barin su da tsakuwa da zane na tsawon lokaci, a kuma ƙyale su su duba jadawali a rubuce yayin da suke aikin rabawa da sauran darussa na gaba.